Wasiƙa daga Landan: ranar Lahadi ta yara ce

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, ina fatan kowa lafiya, ya damina?

Duk ƙarshen watan Agusta anan Landan ana wani gagarumin bikin titi na kiɗa da rawa, Lahadi da Litinin, a unguwar Notting Hill, nasan wasunku sun ga bidiyonsa a waya sun ce a'uzubillahi, to gaskiya ranar Litinin ɗin akwai shaye-shaye da shigar da ni kaina bana kai iyalina wajen. Amma ranar Lahadi daban ce, ta yara ce da iyayensu, kuma akanta nake so muyi magana.

Asalin abin ma don yara aka fara shi. A 1966 wata mata mai aikin taimakon al'umma, Rhaune Laslett, ta shirya wa yaran unguwar wasa a titi, lokacin wajen na talakawa ne, baƙi 'yan Karebiyan cunkushe a ruɓaɓɓun gidajen haya, ga tarzomar 1958 da turawa suka far wa baƙaƙe bata gama fita daga ran mutane ba. Makaɗan wani mutumin Tirinidad, Russell Henderson, suka ɗauki gangunansu suka bi titi, jama'a suka biyo baya, shikenan.

Abin da ya fi burge ni ba ranar bikin bane, watannin da ake yi kafin ta ne. Ka shiga wani ɗakin taro na unguwa da yamma bayan an tashi makaranta ka tarar da yarinya da bata wuce shekara tara ba tsaye gaban ganga riƙe da 'yan sanduna masu roba a baki, dattijo yana nuna mata inda zata buga, gangar nan fa duro ne na mai aka bubbuge shi da guduma har kowane gurbi yake bada sautinsa, fasahar mutanen Tirinidad. A gefe uwaye na ɗinki, yara na manna gashin tsuntsu da ƙyalli a kayan da zasu saka, hannu duk gam. Ƙungiya irin Ebony tun 1969 take wannan kiɗa tana koya wa yara, da yawansu 'ya'yan gidajen da iyaye ba zasu iya biyan malamin kiɗa ba.

Kuma unguwar nan ce gobarar dogon benen Grenfell ta ci mutum 72 a 2017, shi yasa ana tsaka da biki ake kashe kiɗa ayi tsit na daƙiƙa 72, yara ma sun san dalili.

Mu da muke da tashe da kalangu da 'yan dambe da masu rini da dukawa, wallahi abin na cina yadda yaran unguwa da almajirai suke yini a titi babu mai cewa zo in koya maka. Dan Allah masu unguwanni da ƙungiyoyin matasa, ko ɗakin aji guda ne na firamare ku aro ranar Asabar, ku kira dattawan da suka iya sana'ar tun suna da ƙarfi, mu da muke waje kuɗin fata da zare da abincin yaran ba zai gagare mu ba in Allah ya yarda.

Ku gaida kowa da kowa.
Ɗan uwanku a Landan