Dalilin da ya sa Git ke kula da abin da ya zo gaba a layin umarni

Daga cikin ƙorafe-ƙorafen da nake yawan ji a wurin matasan da ke koyon rubuta manhaja a nan Kano, musamman ɗaliban jami'a da ke neman ƙarin horo bayan lacca, akwai wanda ya shafi Git, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen da ake yi wa fayiloli. Ƙorafin shi ne me ya sa zai ƙi karɓar umarni alhali duk kalmomin da ake buƙata suna nan, ɗaya ce kawai ta riga ɗaya. Ni a ganina wannan ƙa'ida tana da tushe, kuma gara mu koyar da ita tun ranar farko da mu bar ɗalibai suna haddace umarni ba tare da sanin ginin layin ba.

Layin Git yana da tsari: sunan git, sai zaɓuɓɓukan da suka shafi manhajar gaba ɗaya, sai umarnin kansa, sai zaɓuɓɓukan wannan umarni, sai sunan reshe (wato wani layin aiki na dabam a cikin tarihin fayilolin), sannan sunayen fayiloli a ƙarshe. Lamarin ya yi kama da yadda muke kiran sunan mutum a ƙasar Hausa, inda sunan ɗa ke gaba na mahaifi ya biyo baya, wanda kuwa ya juya su ya kira wani mutum dabam.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a harafin `-C`. Wanda ya rubuta `git -C aiki status` yana cewa Git ya shiga jakar da ake kira aiki kafin ya duba halin da fayiloli ke ciki. Wanda ya rubuta `git commit -C HEAD` kuwa yana neman a adana sauye-sauyensa ne tare da sake amfani da bayanin da aka rubuta wa ajiyar da ta gabata, wadda ake kira HEAD, a `git log -C` kuma harafin yana nufin a gano fayilolin da aka kwafa. Harafi ɗaya ne mai aiki uku, kuma mazauninsa kaɗai ke bambanta su. Wannan ɗabi'a ta girmi Git, wanda Linus Torvalds ya fara a 2005, domin a CVS ma, tsohuwar manhaja mai aiki irin na Git, `-d` kafin umarni yana nuna inda ma'ajiyar fayiloli take, bayan `checkout` kuma yana nuna jakar da za a zuba fayiloli. Subversion da Mercurial, takwarorin Git, sun fi sassauci, suna karɓar zaɓuɓɓukan gaba ɗaya ko kafin umarni ko bayansa, shi ya sa wanda ya saba da su yakan yi tuntuɓe idan ya dawo Git.

Ko a cikin haruffan da aka haɗe akwai tarko. `git commit -am "gyara"` yana aiki lafiya, amma `git commit -ma "gyara"` zai ɗauki harafin `a` a matsayin bayanin ajiya, domin abin da ya biyo bayan `m` shi ne bayanin, sannan ya shiga neman fayil mai suna gyara, ya dawo ya ce bai same shi ba. Na sha ganin ɗalibi ya zuba wa allo ido yana rantsuwa cewa abin da ke littafinsa ya rubuta.

Inda na fi son a tsaya a fahimta shi ne karan ɗori biyu, wato `--`. Idan akwai reshe mai suna gwaji da kuma fayil mai suna gwaji, `git log gwaji` zai tsaya ya ce bai san wanne ake nufi ba. Rubuta `git log gwaji --` na nufin reshe, `git log -- gwaji` kuma na nufin fayil. Wannan ba ƙyale-ƙyale ba ne, batu ne na tsaro. A watan Agustan 2017 an bayyana wata kafa da ta shafi Git da Mercurial da Subversion lokaci guda, inda adireshin ma'ajiya mai sunan uwar garke da ya fara da karan ɗori kan sa ssh, manhajar da ke haɗa kwamfuta da uwar garke, ta ɗauke shi a matsayin zaɓi, har mugu ya iya gudanar da umarninsa a kwamfutar wani. Daga baya, a sigar 2.24 ta shekarar 2019, Git ya ƙara `--end-of-options`, saboda `--` ya riga ya sami aikin raba reshe da fayil, ana kuma buƙatar wata alama da za ta ce zaɓuɓɓuka sun ƙare daga nan.

Duk da haka ba zan wanke Git tas ba, domin ba ya tsayawa a kan magana ɗaya. Yana karɓar `git commit fayil -m "gyara"` ba tare da gardama ba, amma ya ƙi `git log fayil --oneline`, ya ce zaɓi ya zo kafin sunan fayil. Wannan rashin daidaito yana wahalar da mai koyo, kuma ina ganin ƙorafinsa a nan halas ne. Shafin bayani na `gitcli` ya ba da shawarar a riƙa sa zaɓuɓɓuka gaba, sai reshe, sai fayiloli, ko da umarnin zai yarda da akasin haka, kuma ita nake ɗora ɗalibaina a kai. Wanda ke rubuta ƙaramar manhajar da za ta riƙa kiran Git da sunayen da wasu mutane suka shigar kuwa, ina roƙonsa kada ya bar `--` ko `--end-of-options` a baya, domin ba shi da iko a kan harafin da sunan zai fara da shi.