Yadda manhajar kariya biyu suka kusa korar mini masu wasa a Garwa

Ina da ƙaramin shago a Garwa inda samari ke biya su buga eFootball a kwamfuta, kuma tun ranar da wani mai gyara ya sake ɗora mini Windows wasan ya fara sarƙewa. Yaro zai ja ƙwallo ya nufi raga, hoton ya daskare na ɗan lokaci, kafin ya dawo an riga an ƙwace ta, wanda ya biya kuɗinsa kuwa ba ya yafe irin wannan. Mai gyaran ya ce zafin Afrilu ne da ƙarancin ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, kuma da yake a lokacin zafin garin nan kan haura digiri 40, maganarsa ta shiga kunne, na sayi ram da fanka da kuɗin da na ware wa haya. Babu abin da ya sauya.

Ɗan ƙanwata da ke karatu a jami'ar Ngaundere ne ya gano bakin zaren. Ya buɗe Task Manager, shafin Windows da ke nuna aikin da kowane ɓangaren kwamfuta ke yi, ana tsakiyar wasa, sai ga faifan ajiya yana aiki ɗari bisa ɗari, ram ɗin da na saya kuwa ko rabinsa ba a taɓa ba. Ya ce, "Kawu, masu gadi biyu aka ajiye maka a ƙofa ɗaya, kowa na caje ɗan'uwansa." Ashe manhajar kariya daga ƙwayar cutar kwamfuta har biyu na kyauta mai gyaran ya zuba mini. Kowace na binciken duk fayil ɗin da wasan ya buɗe, wasa kuma ba ya daina ɗauko hotuna da sauti, ga faifan nawa tsohon yayi ne mai juyawa, ba sabon yayi mai sauri da ake kira SSD ba. Mutumin da ke karɓar kuɗin gyara bai san wannan ba, ko kuwa ya sani ya fi son sayar da ram.

Zaɓen bai ɗauke mu lokaci ba. Mun duba sakamakon AV-TEST na Jamus da AV-Comparatives na Ostiriya, masu auna nauyin da kowace manhaja ke ɗora wa kwamfuta, sannan muka cire biyun gaba ɗaya. Microsoft Defender, wanda ke zuwa da Windows 10 da 11 a matsayin manhajar kariya kuma yake janyewa idan an sa wata, ya dawo aiki da kansa. Muka ware foldar wasan daga bincike, cikakken bincike kuma nake yinsa bayan an tashi, idan akwai wuta. Wanda ya fi son manhajar kariya ta kuɗi ya tabbatar tana da tsarin da ke dakatar da bincike da sanarwa lokacin wasa, ya kuma gwada ta a kan tasa kwamfutar kafin ya sayi ko da ƙusa ɗaya, domin duba Task Manager kyauta ne, ram kuwa ba a mayar da shi.

Foldar da na ware ta wasan da na sauke daga Steam, kasuwar wasanni ta intanet, ce kawai. Yaran na ta roƙo in ware wa wasannin da aka fasa, wato na satar fasaha, waɗanda suke kawowa a filashi, amma na ƙi, saboda ta filashi ƙwayar nan mai ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu ke yawo a gari. Duk filashin da ya shigo shagon sai an bincike shi tukuna, ko na wane ne.