Maza huɗu, kaftani huɗu, inuwa ɗaya

Littafin labarin zane da muka fara fitarwa shafi 24 ne, a kan wasu abokai huɗu da ke haɗuwa kullum a teburin mai shayi a Agege, Legas: mai shayin kansa, da ɗan acaɓa, da ɗan canji, da wani mai gadi. A fuskar kwamfuta kowa ya fito ras. Ɗan canji da shuɗiyar shadda, mai gadi da ruwan ƙasa, ɗan acaɓa da kore, mai shayi da ja mai duhu. Da aka je Shomolu, unguwar masu buga littattafai, aka ji kuɗin bugu mai launi, sai lissafi ya canza, bango kaɗai ya samu launi, ciki kuwa baƙi da fari. Ja da kore da ruwan ƙasa da shuɗi duk suka koma toka-toka iri ɗaya. Abin da ya rage a takarda shi ne maza huɗu masu tsawo ɗaya, kaftani ɗaya, hula ɗaya, suna ta musu a tsakaninsu, mai karatu bai san wa ya ce me ba. Ɗiyar yayata ce ta fara fasa ƙwan: "Kawu, wannan mai shayin ne ko ƙaninsa?" Mai shayin ba shi da ƙane a labarin.

Har yau abin na ci mini rai, domin gwajin da zai tona wannan matsala ba ya cin ko kwabo. Ka jera mutanen labarinka a layi ɗaya, ka cike kowanne da baƙi ƙirin, babu ido babu hanci babu aikin wuya, sai inuwa tsura. Ka rage hoton har kowane mutum ya koma kamar tsawon babban yatsa, ka miƙa wa wanda bai san labarin ba. In ya iya nuna maka mai kuɗi da mai wahala, da tsoho da yaro, da mai fushi da mai sanyi, to zanenka ya tsaya da ƙafarsa. In ya yi shiru yana juya waya, kada ka zana shafi ko ɗaya tukuna. Kunnuwan Mickey Mouse, wanda ya fito tun 1928, da'ira biyu ne kawai, kuma duk inda ya juya kai a da'irarsu ake zana su, saboda su ne shaidarsa ko da an kashe fitila.

Gwaji na biyu na launi ne. A manhajar zane irin su Krita ko Clip Studio Paint ka cire launin hoton gaba ɗaya ka bar haske da duhu. Launuka biyu na iya yin nisa da juna a ido, amma duhunsu ɗaya, kuma injin bugu duhun yake gani. Yanzu cikin mutum huɗu ina ba ɗaya tufa mai haske sosai, ɗaya mai duhu sosai, ɗaya tsaka-tsaki, na huɗun kuma haske a sama duhu a ƙasa. Kafin a kai Shomolu, a buga shafi biyu a kowane shagon fotokwafi na unguwa, a kuma tura wa wani ta WhatsApp a buɗe a ƙaramar waya mai fasasshen gilashi. A nan ne yawancin mutanenmu za su karanta, kuma WhatsApp yana matse hoto har siraran layuka su narke.

Wahalar ta fi yawa a wajenmu saboda suturarmu. Darussan da ke YouTube kusan duka an gina su a kan jarumi mai matsattsun kaya, ƙirji da damtse a fili. Kaftani kuwa bututu ne daga kafaɗa zuwa gwiwa, babbar riga ta haɗiye jikin gaba ɗaya, hijabi ya mayar da kowace mace siffa guda. Mai zane ɗan Hausa ba shi da damtsen da zai nuna, dole ya nemo bambancin a wasu wurare.

Wuri na farko tsawo ne, kuma da kai ake aunawa, wato tsawon kan mutum sau nawa ne tsawon jikinsa duka. Babban mutum na gaske kai bakwai ne zuwa bakwai da rabi, jaruman Amurka ana kai su takwas ko fiye, yaro ƙarami huɗu zuwa biyar. Namu huɗun duk bakwai suke, nan cutar ta fara. Da muka sake su, mai gadi ya koma kai takwas, siriri, wuya dogo, kafaɗa a ranƙwafe. Ɗan canji ya sauko kai biyar da rabi, faɗinsa ya kusa tsawonsa, babbar riga ta mayar da shi akwati. Mai shayi kai shida, tumbi a gaba, hannun riga a naɗe, don haka shi kaɗai ake ganin sangalin hannunsa. Ɗan acaɓa muka cire masa kaftani ɗungurungum, ya koma rigar sanyi mai kumbura kafaɗa da wando tsuke, sama faɗi ƙasa tsini.

Wuri na biyu hula ce, kuma a nan muna da arzikin da masu zanen waje ba su da shi. Zanna bukar doguwa mai kari, da ƙube, da dara, da haɓar kada mai kunnuwa, da taɓa-ni-ka-ji-hadisi da ke manne a ƙeya, da rawani, da malafa, kowacce inuwarta daban. Ko hula ɗaya ce, zamanta a kai magana ce: wanda ya turo ta goshi ba halinsa ɗaya da wanda ya tura ta ƙeya ba. Abin takaici, a bugun farko dukkansu zanna bukar muka kafa musu a tsaye, bambancin sai a zanen zare, wanda ko a takarda bai fito ba.

Sai tsayuwa da abin hannu. Ɗan canji hannunsa ɗaya kullum na cikin aljihun gaba, ɗayan na naɗe hannun riga zuwa kafaɗa. Wannan naɗin riga ya zama alamarsa, in zai yi ƙarya sai ya naɗe sau biyu, masu karatu suka gano da kansu ba tare da an rubuta musu ba. Mai gadi da rediyo a kunne, eriya a miƙe. Mai shayi da kofi biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, shayi na zuba tsakaninsu. Abin hannu ya fita daga jikin mutum ya shiga fili, in ya kwanta a kan ƙirji inuwa ta cinye shi.

Mata ma haka. Hajiya mai abinci ɗauri ne ture-ka-ga-tsiya da gyale a ɗaure a ƙugu, 'yarta hijabi har ƙasa da jakar goyo da ke tasowa a ƙarƙashinsa, maƙwabciyarsu Bayarabiya da gwaggwaro mai faɗi. Uku ke nan, babu mai kama da wata, kuma ba a buɗe jikin kowa ba.

Da muka zo mayar da labarin zane mai motsi, sai ado ya fara karɓar kuɗinsa. Fim hoto 24 ne a daƙiƙa ɗaya, masu zanen hannu kan yi 12 a nuna kowanne sau biyu, wato zane 720 a minti ɗaya. Duk layin da ka ƙara a jikin mutum, ka ƙara shi sau 720. Aska takwas a gaban babbar rigar ɗan canji ya yi kyau a bango, amma babu mai iya maimaita shi yana juyawa ba tare da ya yi ta rawa a ƙirjinsa ba. Muka rage shi zuwa tsini uku da da'ira ɗaya, ido ya ci gaba da karanta shi a matsayin aiki. Atamfa ma haka, fure ɗaya babba a maimaita shi sau uku ko huɗu ya wadatar. Ko da Moho ko Blender kake aiki, inda ake sa wa zane ƙashi a motsa shi, babbar riga ba ta bin ƙashin hannu yadda hannun shat ke bi. Sai ka yanka ta gida-gida, jiki daban, kowane hannu daban, ka kuma zana naɗaɗɗen hannu da sakakke a ajiye don musanyawa.

Kowane mutum yana buƙatar takardar awonsa, kamar yadda tela ke ajiye awon mai ɗinki. A ciki akwai shi ta gaba, da gefe, da baya, da karkace, a kan layukan da ke nuna inda ido da haɓa da kafaɗa da bakin riga suke. Akwai fuska shida aƙalla: dariya, fushi, tsoro, mamaki, baƙin ciki, da harara. Akwai lambar kowane launi, domin "ruwan ƙasa" a bakin mutum uku launi uku ne. Akwai kuma shafi guda da aka jera kowa da kowa don a ga wa ya fi wa tsawo. In ba haka ba, hancin mai gadi zai yi ta girma daga shafi zuwa shafi, musamman in hannu biyu ke zanen. Siffofin baki bakwai ko takwas sun isa magana, amma kada ka kwafi na Turawa ido rufe: bakin da haƙora ke kan leɓen ƙasa ba ya hawa "f" ɗin Bahaushe, domin mu da leɓe biyu muke furta shi.

Duk wannan jiki ne. Abin da ke sa a tuna mutum bayan an rufe littafi shi ne abin da yake so da abin da ya hana shi samu, kuma ya zama ƙanƙani wanda za a iya zanawa. "Yana son ya ci gaba a rayuwa" ba ya zanuwa. Ɗan acaɓanmu yana son ya haɗa kuɗin sabon babur, domin an kama nasa bayan dokar da gwamnatin Legas ta sa a watan Yunin 2022 ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, kuma ya ɓoye wa mahaifiyarsa a gida. Saboda haka duk lokacin da waya ta yi ƙara sai fuskarsa ta canza, kuma har yanzu makullin babur ɗin da babu shi na rataye a wuyansa. Ɗan canji kuwa yana son a kira shi Alhaji alhali bai je ba. Kowa a ba shi buri ɗaya, da ƙarya ɗaya da yake yi wa kansa, da ɗabi'a ɗaya da ke saɓa wa kamanninsa. Mai gadin nan dogo mai ɗaurarriyar fuska, tsoron kyanwa yake yi.

Magana ma tana da nata gwajin inuwar. Ka rufe zanen da hannu ka karanta maganganun kaɗai, ka gani ko za ka gane mai kowacce. Hausar Legas ba ɗaya ba ce, kuma asara ce a bar wannan. Wanda aka haifa a Agege ko Idi-Araba yana tsoma Yarbanci da burokin a tsakiyar zance ba tare da ya lura ba. Basakkwacen da ya sauka Alaba Rago bara yana cewa "mi" da "tahi" da "hwaɗi". Mutumin Maraɗi yana lissafi da sefa a ransa. Ɗan gwari a Mile 12 kalmominsa gajeru ne, na ciniki. A bugunmu na farko duk huɗun Hausar labaran rediyo suke yi, don haka da inuwa ta gaza, baki ma bai cece su ba. Abu ɗaya da na ƙi yarda da shi shi ne mai gadin nan na wasannin barkwancin Kudu, wawa mai karyayyen Turanci da ake kira "aboki". Ka ƙara wa hanci tsawo yadda kake so, amma mutumin ya kasance yana da wayo da dalili, ko da shi ake yi wa dariya.

A Lagos Comic Con, taron baje kolin littattafan labarin zane wanda ake yi tun 2012, mai wucewa ta gaban teburinka kallo ɗaya yake yi wa bango kafin ya wuce na gaba, kuma teburan da ke gefenka cike suke da jarumai masu fukafukai da takubba. Sabbin mutanenmu huɗu sun tsayar da waɗanda ko Hausa ba sa ji, suna nuna gajeren mai babbar riga suna dariya. Amma sai da aka sake zana shafi 24 daga farko kafin a kai nan, kuma kuɗin takarda da farantin injin bugu na bugun farko ba su dawo ba.

Wani rami da ke gaba shi ne ranar da labari zai cire wa mutum hula. Dare zai yi, ko a yi faɗa, ko a zo alwala, kuma in duk shaidarsa a hular take, ka koma gidan jiya. Don haka a takardar awo kowa yana da kai biyu, da hula da babu hula, kuma shi ma tsiraran kan ana cike shi da baƙi a gwada. Ɗan canji sanƙo da kai mai faɗi, mai gadi ƙeya mai tsini da kunnuwa a baje, mai shayi saje da gemu zagaye, ɗan acaɓa suma a tsaye da aka aske gefenta.