Abin da sansanin 'yan zamiyar ƙanƙara ya koya mini game da dogon hutun yaranmu

Ina koyar da motsa jiki a wata sakandare a Jos, da yamma kuma ina horar da yara masu gudun dogon zango. A wani kwas na masu horarwa da na yi ta intanet aka ba mu aikin nazarin sansanonin horon bazara na yaran da ke tseren zamiya a kan dusar ƙanƙara. Wasa ne da ba mu da shi, amma tun daga lokacin yadda nake tafiyar da dogon hutu da yarana ya sauya.

Su kakar gasarsu daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu ce. Idan bazara ta shigo ƙanƙara ta narke a ƙasa, sai a kwashi yaran a hau da su ƙololuwar duwatsun da ƙanƙararsu ke kaiwa har bazara: Saas-Fee da Zermatt a Suwizalan, Hintertux a Ostiriya, dutsen Hood a jihar Oregon ta Amurka. A Saas-Fee wurin horon ya kai kimanin mita 3,500 sama da teku. Masu hali kuwa sukan tsallaka Chile ko Ajantina ko New Zealand, inda Yuli da Agusta ke tsakiyar hunturu.

Tun da asuba ake tashin yaran, domin da zarar rana ta ɗaga ƙanƙarar takan jiƙe ta yi laushi. A wasu wuraren har gishiri ake watsa mata don ta ƙara tauri. Kafin azahar an sauko. To, waɗannan 'yan sa'o'i da iyaye suka biya kuɗin jirgi da masauki da tikitin hawa dutse saboda su, me ake yi a ciki? A sansani mai kyau, kwanakin farko ba a damu da agogo ba. Yaro zai yi ta saukowa a hankali, wani lokaci da ƙafa ɗaya, wani lokaci babu sandunan hannu, ana gyara masa tsayuwa da yadda zai ɗora nauyinsa a ƙafar waje idan zai sha kwana. Da yamma a zauna a kalli bidiyon abin da ya yi da safe, sannan a fita fili: keke, tsalle-tsalle, ƙwallo, da atisayen ƙarfafa cinya da ƙugu, saboda tsinkewar jijiyar gwiwa na cikin raunukan da suka fi addabar 'yan wasan. Bayan 'yan kwanaki a ba su hutun yini guda cur, don iskar can sama ba ta ƙosar da huhu, jiki na saurin gajiya.

Wato an kashe maƙudan kuɗi don yaro ya je ya yi tafiya a hankali. Wannan ya daɗe yana yi mini yawo a kai.

Sai kuma Norway. Tun 1987 suke da ƙa'idojin wasannin yara, kuma a ƙarƙashinsu ba a fitar da jerin wa ya zo na ɗaya wa ya zo na ƙarshe sai yaro ya kai shekara 11, babu gasar zakarun ƙasa sai ya kai 13. Ƙasa ce mai mutum kimanin miliyan biyar da rabi, amma ta kwashi lambobi 39 a gasar Olympics ta hunturu a Pyeongchang a 2018, ta ci zinare 16 a Beijing a 2022.

Mu a nan dogon hutu yana faɗowa daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, tsakiyar damina. Abin da aka saba shi ne a tara yara, a busa usur, kowa ya zuba a guje, wanda ya riga shi ne gwani. Gobe ma haka. Ɗan shekara 12 zai yi ta doke sa'anninsa ana yi masa kirari, kafin ya kai 16 ƙaurinsa na ciwo, gudun ya fita ransa, ya ajiye kambas. Na ga irin wannan da yawa, kuma kowane ɗaya yana yi mini ciwo.

Yanzu da sassafe muke fita ta hanyar Lamingo, duwatsun Shere na gabanmu, kuma doka ɗaya ce: ka yi gudun da za ka iya hira da na kusa da kai. In na yi wa yaro tambaya ya kasa amsawa sai da haki, to ya rage. Ina ɗaukarsu bidiyo da wayata. Akwai wata yarinya 'yar aji biyu da ke gudu kafaɗunta a ɗage har kusa da kunne, hannaye a dunƙule tamau. Na yi ta ce mata ta saki jiki, ba ta gane abin da nake nufi ba. Ranar da ta ga kanta a waya ta rufe baki tana dariya, ta ce, "Malam, ni ce haka?" Washegari kafaɗun sun sauko.

Da yamma in ruwa ya ɗauke, langa muke yi. Duk atisayen ƙafa ɗaya da na gani ana yi wa yaran Turai da kayan aiki masu tsada, langa ta tara shi: idon sawu, gwiwa, ƙugu, da iya tsayuwa ba tangaɗi. Sai tsallen igiya da ƙwallo. Juma'a da Lahadi hutu ne ga kowa, tunda yaran namu Musulmi da Kirista ne. Kududdufan da haƙar kuza ta bari kuwa, da suke cika maƙil da damina, na hana kowa ko leƙa su.

Shawo kan manya ya fi wuya. Wani uba ya tare ni ya ce, "Malam, ni fa na ga kamar yawo kuke yi. Yaushe za a fara atisayen gaske?" Na ce, "Alhaji, sannu ba ta hana zuwa. Ƙashin yaron nan bai gama ƙwari ba, so nake ya kai shekara ashirin yana gudu." Bai gamsu sosai ba, amma ya bar mini shi. Ban ga laifinsa ba, domin mu kanmu masu horarwa da kofi sunanmu ke tashi, kuma kofin 'yan yara shi ne mafi sauƙin samu.

Ana yawan cewa Filato tana da tudu, don haka dole mu fitar da gwanaye irin na Kenya. Gaskiya ne Pankshin da kewayenta sun ba Najeriya masu gudun dogon zango, amma Jos tana kan kimanin mita 1,200 ne, Iten ta Kenya kuwa 2,400. Tun da aka fara gudun famfalaƙin Legas a 2016, 'yan Kenya da Habasha ke yin gaba da manyan kyaututtukan. A ganina tudu kaɗai ba zai cike wannan giɓi ba sai da shekarun gini a hankali. Inda muka fi 'yan zamiya sa'a shi ne filin horonmu kyauta ne kuma ba ya narkewa. A Yulin 2022 sai da Zermatt ta dakatar da zamiyar bazara saboda zafi ya cinye ƙanƙarar.

Matsalarmu abinci ce da takalmi. Yaro ya zo da cikinsa wayam, ba tsarin horon da zai yi masa amfani. Ɗan abin da iyaye ke tarawa a kunun gyaɗa da dankali da ƙwai yake tafiya, ranar Asabar a yi gwate, ragowar a sayo kambas na gwanjo a kasuwar Katako.

Gwajin agogo sai makon ƙarshe na hutu. Kowa ina rubuta masa nasa lokacin a 'yar takarda in miƙa masa a hannu, ya gwada da nasa na bara. Waɗanda ba su kai 13 ba suna yin gudun tare da kowa, amma ba na auna su ko a ranar.