Kwana goma sha ɗaya ina ƙona hammatata da hannuna

Har yau in na ɗaga hannu gaban madubi ina ganin tabon, baƙi-baƙi kamar gindin tukunya, na hagu ya fi na dama muni. Wata bakwai ke nan. Ya ɗan dusashe, amma haushin kaina da nake ji bai ragu ba, don babu wanda ya kama ni ya shafa mini. Ni na kwaɓa abina a kicin, na zuba a ɗan gwangwani, har ina yi wa maƙwabciyata tallansa.

Abin ya faro ne bayan an yi wa gwaggona aikin sankarar mama. Duk dangi a tsorace muke, sai ga wani dogon saƙo a zauren WhatsApp na gidanmu: wai rolon da ake shafawa a hammata yana toshe ƙofofin gumi, gubar da ya kamata ta fita sai ta koma ciki ta taru a mama. Wata 'yar'uwarmu ta ƙara da cewa ai ranar da za a yi wa Gwaggo hoton mama sai da ma'aikaciyar jinya ta ce kada ta shafa komai a hammata, ashe su ma sun sani. A daren na kwashe rolon guda uku da turaren fesawa biyu na watsa a shara. Abban yara yana kallona ya ce, "Ko nawa ki bar mini." Ban bar masa ba.

Haɗin da na gani a wani bidiyo shi ne man kwakwa, man kaɗanya, kwan fulawa da bekin soda, sodar cokali uku cif. Ni kuma da iyayi na ƙara nawa: kafin in shafa sai in yanka lemun tsami in goga, tunda tun muna 'yan mata muke jin yana kashe warin hammata. Daren Alhamis na yi aski da reza, da safe na goga lemun, na bi da haɗin. Wani raɗaɗi ya ratsa ni har tsakar kai. Na ce to, alamar yana aiki ke nan.

A watan Afrilu fa, a Kano, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ga hijabi, ga cunkoson adaidaita sahu safe da yamma. Ko don wannan kaɗai ya kamata in jira hunturu. Amma babban kuskuren yana gaba.

Kwana uku wurin ya yi ja. Kwana biyar ƙananan ƙuraje suka feso, ga ƙaiƙayin da ke sa mutum ya nemi lungu a ofis ya sosa. Na koma kan bidiyon, sai na tarar matar ta riga ta tare ni: in kin ga ja ko ƙuraje kada ki tsorata, guba ce ta shekaru take fita, ki daure sati biyu. Wannan maganar ita ta cuce ni. Da ba ta faɗa ba, da tun rana ta uku na wanke na huta. Amma an ba ciwon suna mai daɗi, sai duk abin da ya ƙaru na ɗauka nasara ce. Fata ta fara saɓa, na ce guba. Ta fara tsattsafo da ruwa tana manne wa shimi, na ce guba. Ina tafiya hannuwa a buɗe kamar kazar da ta ji zafi, Abban yara na cewa, "Wai ba za ki bar abin nan ba?" ina ce masa saura kwana huɗu.

Rana ta goma sha ɗaya ina wanka na ji wani ƙullutu a hammatar hagu, kamar ƙwayar gyaɗa, in na taɓa da zafi. Ƙafafuna suka mutu. Na zauna a kan bokiti ina salati, ba abin da ke zuwa mini sai fuskar Gwaggo a gadon asibiti. Abin da na gudu daga rolon dominsa, ga shi na tsinta a jikina da yatsana. Daren nan ban runtsa ba.

Likitar da ta duba ni ba ta yi gaggawa ba. Ta latsa nan, ta latsa can, ta duba maman duka biyu, sannan ta ce, "Hajiya, kaluluwa ce. Fatar ce ta tsage, ƙwayoyin cuta suka shiga. Me kike shafawa?" Da na lissafa mata, sai ta ajiye biro. Ta ce fatar mutum tana da ɗan tsami-tsami nata, a ma'aunin tsami da ake kira pH tana wajen 5, ita kuwa soda ta haura 8, wato kishiyar tsami ce, kullum aka shafa ta tana rusa kariyar da fata ke da ita. Ga lemun tsami a kan sabon aski, ga gumi, ga gugar tufafi. Na ce mata to gubar da ake cewa tana fita fa? Ta ce hanta da ƙoda ne ke wannan aikin, gumi kusan duka ruwa ne da gishiri. Ta rubuta mini magani na sha da na shafawa, ta ce kada komai ya taɓa wurin sai ruwa da sabulu mara ƙamshi, in kuma ƙullutun bai baje ba bayan sati biyu in dawo a yi hoto. Ya baje cikin kwana tara. Kuɗin da na kashe tsakanin kati da magani ya isa in sayi rolon na shekara biyu, ban da baƙin da ya bar mini, wanda ta ce a fata irin tamu yakan daɗe kafin ya tafi.

A satin da na yi ina jinya ne na yi karatun da ya kamata in yi tun farko. Ashe saƙon nan ya girmi 'yata ta fari: tun 1999 yake yawo ta imel a Amurka, sai dai a sake masa riga. Ashe kuma abubuwa biyu muke haɗawa mu kira rolon. Akwai mai hana gumi, shi ne ke da sinadarin alminiyam da ke toshe bakin ƙofofin gumi na ɗan lokaci, akwai kuma mai kashe wari kawai. Gumin kansa ba ya wari, sai ƙwayoyin da ke zaune a fata sun ci abin da ke cikinsa. A 2002 an yi bincike a Amurka kan mata 813 masu sankarar mama da 793 marasa ita, ba a ga alaƙa da rolon ko aski ba. A 2004 wani bincike a Ingila ya gwada tsokar sankarar mama guda 20, ya sami paraben a ciki, wani sinadarin da ake sa wa kayan shafa don kada su lalace, wanda ya tayar da ƙura sosai, amma bai nuna daga ina sinadarin ya zo ba, bai kuma nuna shi ya jawo cutar ba. Gargaɗin da na ga yana da tushe shi ne na masu ciwon ƙoda mai tsanani, su ake cewa su tambayi likita kafin su yi amfani da mai alminiyam. Maganar ranar hoton Gwaggo kuwa, dalilin shi ne ɓurɓushin rolon yakan fito a hoton kamar ɗige-ɗigen fari ya rikita mai dubawa. Shi ke nan fa. A kan wannan muka gina tsoronmu.

Duk da haka ban koma wa rolon na kullum ba, don dama ƙamshinsa na sa ni atishawa, kuma yana bar mini rawaya a hammatar fararen riguna. Inna ce ta zo duba ni, ta ga wurin ta riƙe haɓa. "Ke 'yar nan, duk alif ɗin da ke kasuwa?" Washegari ta aiko mini da dunƙule ɗaya a ƙullin leda. Bayan na warke sarai na fara: in jiƙa shi, in goga sau uku-huɗu bayan wanka, in bari ya bushe. Wari ya ɗauke. Gumi dai ina yi, rigar ciki takan jiƙe, amma ba na tsarguwa a sahun salla. Na yi wata biyu ina alfahari na rabu da alminiyam, har ranar da ƙanena mai karanta kimiyyar sinadarai ya ga dutsen a banɗaki ya fito yana dariya. "Yaya, kin san cikakken sunan alif? Potassium aluminium sulphate." Na ce ƙarya yake, ya buɗo mini a waya. Na rasa dariya zan yi ko in jefe shi da dutsen.

Na ci gaba da amfani da shi, tunda ya karɓe ni kuma dunƙule ɗaya na kai ni watanni. Sai dai yanzu ranar da na yi aski ba na shafa komai sai washegari, ko alif ɗin ma yana da zafi a kan sabon aski. Duk wani sabon abu, ko wa ya ba ni, sai na ɗiga shi a cikin gwiwar hannu kwana biyu na gani. Na lura atamfa da rigar ciki ta auduga sun fi yadin roba sauƙin wari nesa ba kusa ba, kuma humra ba ta rufe gumi, haɗuwarsu ma ta fi muni. Ranar biki, in zan wuni cikin leshi, rolon ɗina nake shafawa hankali kwance. Sai da na saya wa Abban yara nasa biyu kafin ya daina yi mini gori.

Maƙwabciyar da na ɗiba wa haɗin a murfin kwalba ita ce abin da ya fi tsaya mini a rai. Na je da kunya zan ce ta zubar, sai ta ce ai tun rana ta biyu da ta ji zafi ta daina, ta yi shiru ne don kada in ji ba daɗi. Ita ba ta kalli bidiyon ba, babu wanda ya ce mata guba ce ke fita.

Ragowar sodar na goge gindin tukwane da ita. Sun fita tas.