Shekara 45 daga rigar lauya zuwa kujerar Alƙalin Alƙalai

Duk wanda ya yi karatun lauya a Arewa ya haddace tarihin Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar kamar karatun allo: mace ta farko daga Arewa da ta zama lauya, ta farko a Babbar Kotun Jihar Kano, ta farko a Kotun Ɗaukaka Ƙara, ta farko a Kotun Ƙoli, kuma ta farko da ta zama Alƙalin Alƙalan Najeriya. Mu ma haka muka haddace shi, muka zuba a jarrabawa, aka ba mu maki. Sai da na fara aiki a ofishin wani alƙalin babbar kotu, ina taya shi binciken hukunce-hukuncen baya, na koma ina duban shekarun da ke tsakanin waɗannan matakai.

An rantsar da ita a matsayin lauya a Najeriya a 1967, bayan ta gama karatu a Ingila. Ta fara da aikin lauyar gwamnati a Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Arewa, ta yi majistare a tsohuwar Jihar Arewa Maso Gabas, a 1973 ta zama babbar magatakardar kotunan Jihar Kano. Ta hau kujerar babbar kotu a 1977, ta shekara 10. A 1987 ta shiga Kotun Ɗaukaka Ƙara, wato ta zama alƙaliyar tarayya, kuma nan ta fi daɗewa, kusan shekara 18, kafin Kotun Ƙoli a 2005. Ranar 16 ga Yuli, 2012 aka rantsar da ita Alƙalin Alƙalai. Ranar 20 ga Nuwamba, 2014 ta cika shekara 70, ta sauka. Shekara 45 ana tafiya, shekara biyu da wata huɗu a kan kujerar.

A cikin wannan jeri, matakin da ɗalibai suka fi tsallakewa shi ne na magatakarda, ni kuwa yanzu shi nake fara dubawa a tarihin kowane alƙali. Dalili shi ne alƙalin Kotun Ɗaukaka Ƙara, a mafi yawan shari'u, ba ya ganin mai shaida. Bai ga gumin da ya keto masa ba lokacin da lauya ya matsa masa da tambaya, bai ji inda muryarsa ta yi rawa ba. Abin da ke zuwa gabansa kundi ne, an ɗaure shi da zare, an buga wa kowane shafi lamba. Abin da ba ya cikin kundin nan, a wurin kotun sama bai faru ba. Shi ya sa da wuya kotun sama ta taɓa abin da alƙalin farko ya yanke a kan wane ne ya faɗi gaskiya cikin shaidu, don shi ne ya gan su ido da ido.

To yaya ake haɗa kundin? A kotun da na yi aiki, kamar yawancin kotunanmu, alƙali da hannunsa yake rubuta duk abin da aka faɗa. Mai shaida ya yi bayani da Hausa, tafinta ya juya zuwa Turanci, alƙali ya rubuta a wani babban littafi mai bangon kwali. Idan lauya ya cika sauri, sai ka ji alƙali ya ce masa ya riƙa duban alƙalaminsa. Na sha ganin dattijo ya yi dogon bayani a kan iyakar gona, ya ambaci kuka, ya ambaci tsohuwar rijiya da burtalin da shanu ke bi, tafinta ya dunƙule shi duka a jimla biyu. Maigidana, alƙalin da nake wa aiki, ba ya bari a wuce. Yakan ajiye alƙalami ya ce, "Malam tafinta, ai Baba ya faɗi abin da ya fi haka, maimaita mana." Da farko na ɗauka ɓata lokaci ne, ga jerin shari'u na jira, ga zafi, ga fanka ba wuta. Daga baya na gane yana rubutu ne saboda wasu alƙalai uku na Kotun Ɗaukaka Ƙara da za su buɗe kundin nan bayan shekaru, a wani gari, ba su taɓa ganin gonar ba.

Daga littafin alƙali sai aikin ya koma ofishin rijista. Can ne akawu zai zauna da rubutun hannun da wani lokaci sai an haɗa kai ake iya karanta shi, ya buga, a haɗa da takardun shaida da sammaci da jawaban lauyoyi, a buga hatimi. Dokokin Kotun Ɗaukaka Ƙara sun ba magatakarda kwana 60 ya haɗa kundin ya aika, in ya kasa nauyin ya koma kan mai ɗaukaka ƙarar. A wannan ɗan ɗaki mai ƙura ne shari'a ke rayuwa ko ta mutu. Takardar shaida ɗaya ta ɓace, ko fayil ya shige ƙarƙashin wasu ɗari, sai mutum ya shekara yana zarya. Alƙalin da ya taɓa riƙe ofishin nan ya san fayil ba ya tafiya da ƙafarsa. Idan lauya ya miƙe ya ce kundi bai iso ba, ya san tambayar da zai yi da wanda zai yi wa ita. Ban taɓa samun wannan ilimi a littafin da muka karanta a makarantar lauyoyi ba.

Kundin tsarin mulkin 1999 bai nemi duk wannan ba. Abin da ya gindaya shekaru ne kawai: 10 da zama lauya kafin Babbar Kotun Tarayya ko ta jiha, 12 kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara, 15 kafin Kotun Ƙoli. Majalisar kula da harkokin shari'a ta ƙasa, NJC, ita ke miƙa suna, shugaban ƙasa ya naɗa, in kotun jiha ce gwamna ya naɗa, a kan alƙalan Kotun Ƙoli kuma sai Majalisar Dattawa ta amince. A takarda, lauyan da ya shekara 15 yana aiki zai iya shiga Kotun Ƙoli kai tsaye, kuma an taɓa yi: Taslim Elias a 1972 da Augustine Nnamani a 1979, dukansu ba su bi ta ƙananan kotuna ba. Amma an daɗe rabon da a ga haka. Yanzu layi ake bi, kuma ba ƙofa ɗaya ake shiga layin ba. Mai Shari'a Ibrahim Tanko Muhammad, misali, ta Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Jihar Bauchi ya biyo, inda ya yi ƙadi, domin tsarin mulki ya ce dole a samu aƙalla alƙalai uku masana shari'ar Musulunci a Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Bin layi yana da amfaninsa, yana rage kamun ƙafa da rububin kujera. Amma ba zan ɓoye ba, yana da tsada. Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya shiga Kotun Ƙoli a 1979 yana ɗan shekara 43, shi ya sa ya samu riƙe shugabancinta daga 1995 zuwa 2006. Waɗanda suka biyo bayansa sun iso a makare. Salihu Alfa Belgore wata bakwai ya yi. Dahiru Musdapher bai cika shekara ba. Mutum ya zo da gyaran da ya shekara 30 yana tunani, kafin ya gama kafa kwamiti an fara shirin walimar ban kwana. Ita Aloma Mukhtar ta yi amfani da ɗan lokacinta wajen ladabtarwa. A zamaninta NJC ta yi wa wasu alƙalai ritayar dole, a 2013 kuma ta dakatar da wani alƙalin Abuja na shekara guda ba albashi, bayan ya ba wanda ya amsa laifin satar biliyoyin kuɗin fanshon 'yan sanda zaɓin biyan tarar naira dubu 750. Tsofaffin ma'aikatan kotu har yau suna tuna yadda alƙalai suka shiga taitayinsu a lokacin.

Hukuncin da na fi komawa in karanta nata shi ne wanda ba ta yi rinjaye a kansa ba. Ranar 12 ga Disamba, 2008, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Muhammadu Buhari ya shigar a kan zaɓen 2007 da ya ba Umaru Musa 'Yar'aduwa nasara. Alƙalai bakwai suka zauna. Huɗu suka tabbatar da zaɓen, uku suka ce a soke shi: George Oguntade, Aloma Mukhtar da Walter Onnoghen. Hujjarsu ba doguwar falsafa ba ce. Dokar zaɓe ta 2006 ta ce takardun ƙuri'a su kasance da lambobi a jere, waɗanda aka yi zaɓen shugaban ƙasa da su kuwa ba su da shi. Maganar lamba ce a kan takarda, irin abin da wadda ta yi aikin rijista ba za ta ɗauka da wasa ba, don ta san takardar da ba lamba kowa na iya ƙara mata 'yar'uwa ko ya zare ɗaya ba a gane ba. Wannan fahimtata ce, ba ita ta faɗa ba. Bayan shekara uku da rabi, Goodluck Jonathan, wanda shi ne mataimaki a tikitin da ta ce a soke, shi ya rantsar da ita. A nan bin layi ya yi ranarsa, dole in yarda.

Akwai kuma abin da ba a rubutawa a tarihin kowa, sai ka zauna kusa da alƙali kake gani. Sashe na 294 na kundin tsarin mulki ya ba kotu kwana 90 bayan jawaban ƙarshe na lauyoyi ta yanke hukunci. A bangon ofishin maigidana akwai kalanda da ya cika da jan biro, kowace da'ira ranar da wa'adin wata shari'a zai cika. Hutun kotu da mutane ke yi wa gori, shi a rubutu yake ƙarewa. Ga kaɗaici. Ya rage zuwa ɗaurin aure, in ya je ma ba ya zama cin abinci, don bai san wanda ke gefensa ko yana da shari'a a gabansa ba. 'Yan'uwa su zo da maganar wani, ya ce a ba su ruwa, ya shige ciki, a koma gida ana cewa girman kai ya kama shi. Ranar da ya ajiye aiki kuma, sashe na 292 ya hana shi sake tsayawa gaban kowace kotu a Najeriya a matsayin lauya. Abokan karatunsa da suka zama manyan lauyoyi suna iya samu a shari'a ɗaya abin da shi sai ya daɗe yana tarawa.

Saboda haka idan ƙanne suka tambaye ni ko su karɓi aikin majistare ko su tsaya a ofishin lauya, ba na fara musu da Kotun Ƙoli. Kujeru 21 ne a can ban da ta shugaba, a ƙasar da ke yaye dubban lauyoyi duk shekara. Nakan tambaye su ko za su iya zama daga safe zuwa azahar suna rubuta rigimar kuɗin haya da satar akuya, su rubuta ta yadda wani zai iya karantawa. Tun 2023 aka mayar da shekarun ritayar alƙalan manyan kotuna 70 gaba ɗaya, a da na babbar kotu a 65 suke sauka. Ma'ana layin ya ƙara tsawo, na ƙasa zai ƙara jira kafin gurbi ya buɗe.

Ana ta muhawara a ƙungiyar lauyoyi cewa a koma ɗauko fitattun lauyoyi da malaman jami'a a kai su Kotun Ƙoli kai tsaye. Ba na adawa da a ɗauko ɗaya ko biyu, kotun na bukatar masu zurfin nazari da masu sauran ƙarfi a jika. Amma in da za a ji ta tawa, sai a fara tura kowannensu ya yi wata shida a rijistar wata babbar kotu, yana taya akawu haɗa kundi.