Akushi daga icen da aka raina

Gungumen da ke da tsaga, ƙulli ko ramin ƙwaro shi ne sau da yawa ke ba da akushi mafi kyau, amma injin juya katako ba ya yafe sakaci. Kafin ka ɗaura gungumen a kan injin, ƙwanƙwasa shi da guduma. Idan ya yi ƙarar holoƙo, akwai rami ko ruɓa a ciki. Idan kuwa tsagar ta ratsa daga baki zuwa gindi, kada ka juya gungumen, don icen zai iya rabewa biyu yana cikin gudu.

Gungume mai faɗin santimita 25, fara shi a juyi 500 a minti, ka ƙara a hankali bayan ya daina girgiza. Sa garkuwar fuska, kuma kada ka tsaya saitinsa lokacin kunnawa.

Ƙaramar tsaga, cusa mata garin icen, ka ɗiga sufagulu mai ruwa-ruwa. Babban rami sai gam ɗin ifoksi, wanda ake haɗa ruwa iri biyu ya daskare: toshe bayansa da salatif, ka zuba kaɗan-kaɗan, domin idan ya taru da yawa yakan yi zafi ya kumfa. Bar shi ya kwana.

Inda aka fi kuskure shi ne wajen ƙulli. Ya fi jikin icen tauri, kurfi, wato ƙarfen sassaƙa, idan yana da dakushi sai ya cafke shi ya fizgo. Wasa kurfin, ka riƙa shafta sama-sama.

Ɗanyen ice, a sassaƙar farko bar kaurin bangon akushin kashi 10 cikin 100 na faɗinsa, ka shafe shi da kakin zuma, ya bushe wata shida kafin gyaran ƙarshe.